Bayan an cire yanar ido: jinyar makonni shida na farko a Legas

Ranar da aka yi wa mahaifina aikin yanar ido, mun baro Agege tun bayan sallar asuba don mu riga cunkoso, muka yi zaman jira har hantsi, amma tsakanin shigarsa ɗakin tiyata da fitowarsa ba a yi minti 40 ba. Da ƙafarsa ya fito, an rufe idon dama da auduga da filasta, yana cewa bai ji komai ba sai haske da sanyin ruwa. A mota ya juyo ya ce mini, "To, an gama ke nan." Rabon likita ne ya ƙare a ranar. Namu rabon makonni shida ne, kuma a gida ake yin sa, a hannun mata da 'ya'ya da jikoki. Na yi wannan jinya sau biyu da Baba, na sake yi da gwaggona a Idi-Araba, kuma abin da na koya nake son in shimfiɗa wa duk wanda aka ba nasa ranar aiki.

Sai an san abin da aka yi wa idon kafin dokokin su shiga kai. Da yawanmu mun ɗauka yana wata fata ce a saman ido da ake kankarewa. A can ciki take. Bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, shi ke tattara haske. Shekaru ko ciwon sukari ko buguwa kan sa ya dushe, wannan dushewar ita ce yana. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna ita ce kan gaba wajen makantar da mutane. Likita yakan tsaga ƙaramar ƙofa a gefen ido, ya fitar da madubin da ya dushe, ya bar siririyar jakar da yake ciki, ya saka madubin roba wanda zai zauna har ƙarshen rayuwa. Wasu asibitocin na'ura suke amfani da ita ta farfasa yanar ta zuƙe ta ta ƙofar da ba ta wuce milimita 3 ba. Wasu kuma, musamman a aikin kyauta na gayya, sukan ɗan faɗaɗa ƙofar su fitar da ita ɗungurungum. Duk hanyoyin biyu suna kyau. Sau da yawa ba a ɗinki, ƙofar da kanta take haɗewa, sai dai tana bukatar makonni kafin ta yi ƙwari. Saboda haka duk wata doka da za a ba ku, ɗayan biyu take karewa: kada ƙwayar cuta ta shiga ta ƙofar, kada kuma a matsa wa idon.

Kafin ku bar asibiti

Kada dattijo ya je shi kaɗai. A Legas bayanin sallama da Turanci ake yin sa, wani lokaci da Yarbanci, cikin sauri, mutum kuma zai yi ta gyaɗa kai don kunya. Ku je da wanda ke ji, da biro da takarda. Ku tambaya: magungunan ɗigawa nawa ne, kowanne sau nawa a rana, har zuwa yaushe? Wace rana za a dawo? An saka madubin roba? Akwai ɗinki? Idan abu ya taso da tsakar dare ko ranar Lahadi, ina za a nufa? Wannan tambaya ta ƙarshe ita aka fi mantawa, kuma ita ta fi kowacce amfani. Idan aikin gayya ne wanda likitocin za su tattara su tafi, ku tabbatar an faɗa muku asibitin da zai ci gaba da duba shi. Manyan asibitocin koyarwa biyu, na Idi-Araba da na Ikeja, duk suna da sashen ido.

Maganin hawan jini da na sukari ana ci gaba da sha, sai in likita ne ya ce a dakata. Hanyar gida kuma ban da acaɓa. A ɗauki mota a rufe gilashi. Kuɗin tasi na rana ɗaya bai kai darajar ido ba.

Daren farko da washegari

Idan allurar kashe zafi ta saki majinyaci, zai ji ɗan zogi da ƙaiƙayi kamar yashi ya shiga idon. Farasitamol ya isa. Kada a ɗaga audugar don a leƙa. Ya kwanta rigingine ko ta gefen idon da ba a taɓa ba. Mai ido ɗaya a buɗe ba ya iya auna zurfin mataki ko faɗin kwata, don haka a riƙa masa hannu zuwa bayi, a ajiye tocila kusa da shimfiɗarsa saboda ɗaukewar wuta. A kuma janye ƙananan yara. Jika mai shekara biyu da ya saba hawa cinyar kakansa, yatsansa ido yake nufa.

Yawanci washegari ake komawa a buɗe. Wani ana cire audugar zai fara kabbara, yana kiran sunayen mutanen da ke ɗakin. Wani kuma hazo zai gani, gabansa ya faɗi. Hazon ranar farko abu ne da aka saba gani: tantanin gaban ido yakan kumbura bayan aiki, musamman idan yanar ta daɗe ta yi tauri, kuma mutanenmu sun saba jira har sai an ce ta nuna. Maganin da aka buɗe ƙwayar ido da shi ma yakan kwana ɗaya ko biyu bai saki ba. Za a ba ku murfin roba mai 'yan huji. A riƙa manna shi da filasta duk lokacin barci, har da na rana, aƙalla mako guda, domin mai barci bai san ya murza ido ba.

Ɗiga magani

Nan ne jinyar take, kuma nan aka fi yin sakaci. Galibi iri biyu ake bayarwa, ko a haɗe a kwalba ɗaya: mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake yi mako ɗaya zuwa biyu, da mai kwantar da kumburi, wanda ake ja makonni huɗu zuwa shida ana rage shi sannu a hankali. A zaɓi mutum ɗaya a gida ya zama shi ke da alhakin abin. Idan aka bar wa kowa, sai a wayi gari kowa na zaton wani ya ɗiga.

Mai ɗigawa ya wanke hannu da sabulu, ya shanya. Ya girgiza kwalbar idan mai farin ruwa ce kamar madara, don maganin yakan kwanta a ƙasa. Majinyaci ya zauna ya ɗaga kai, ko ya kwanta, ya dubi sama. A ja fatar ido ta ƙasa da yatsa a hankali har ta yi 'yar aljihu, a saki ɗigo ɗaya a ciki. Ɗaya ya isa, ido ba ya riƙe fiye da haka. Bakin kwalbar kada ya taɓi ido ko gashin ido ko yatsa. Sai ya lumshe ido, a ɗora yatsa a lungun da ke kusa da hanci na minti ɗaya ko biyu, ba tare da danna ƙwayar idon ba. Wannan yana hana maganin gangarawa maƙogwaro. Idan akwai kwalba ta biyu, a jira minti 5, in ba haka ba na biyun zai wanke na farkon.

Mu da lokutan salla muka ɗaure abin, tun da Baba ba ya kuskuren su: asuba, azahar, magariba, da lokacin kwanciya. Muka zana layuka a bayan kalanda, duk wanda aka ɗiga a yi masa alama. A mako na biyu ya fara cewa, "Ai ina gani tangaran, ku bar wahalar da kanku." Wannan magana kusan kowane majinyaci sai ya faɗe ta. Kumburin cikin ido ba a ganin sa a madubi, kuma idan aka yanke maganin kwatsam yakan dawo da ja da zogi. Haka nan kada a wuce wa'adin da aka yanka, ko a je kemis a ƙaro don an ji daɗinsa: mai kwantar da kumburi, idan aka daɗe a kansa, yana iya tayar da hawan jinin ido, wato nauyin ruwan cikin ido ya hau, a wasu mutane ba tare da sun ji komai ba.

A sayi magani a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ban da na masu talla a cikin danfo ko bakin tasha. A ajiye a inuwa, nesa da taga da murhu, a tambayi mai kantin ko yana cikin waɗanda ke bukatar firji. Kwalbar da ta yi wata guda a buɗe a yar da ita.

'Yan dubiya za su zo, kowa da nasa. Wata baiwar Allah ta kawo wa gwaggona kwalli tsarabar Makka, wani ya ce zuma, wata ta ce nonon mai shayarwa. Da zuciya ɗaya suka kawo, a yi musu godiya, amma kada ko ɗaya ya kusanci idon. Rubutu in an kawo a sha, ban da shafawa a ido. Kwalli ko na kwalliya ne sai bayan wata guda, da izinin likita. Idan kwantsa ta taru, a tafasa ruwa a bar shi ya huce, a jiƙa sabuwar auduga a share fatar ido daga gefen hanci zuwa waje, shafa ɗaya a yar.

Wanka, alwala da salla

Ruwan rijiya da na burtsatse da na 'yan garuwa duk suna iya ɗaukar ƙwayoyin da lafiyayyen ido ke jurewa amma mai sabon rauni ba zai jure ba. A mako na farko zuwa na biyu, wanka daga wuya zuwa ƙasa, fuska kuma a goge da tsumma mai tsabta a kewaye idon. Mata in za su wanke kai, su kwantar da shi baya wata ta zuba musu.

Dattawanmu sun fi damuwa da salla a kan komai, kuma idan ba a warware musu wannan ba, za su yi abin da suka saba a ɓoye. Addini ya riga ya yi sauƙi. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, ana shafa a kan bandeji idan wanke wurin zai cutar, ana kuma yin taimama da dutse mai tsarki, wanda ya fi dacewa a nan don ba ya tayar da ƙura. Sujada tana saukar da kai ƙasa da ƙirji, jini ya taru, nauyi ya ƙaru a ido. Likitoci sun bambanta kan tsawon hutun: wani zai ce 'yan kwanaki, wani mako ɗaya ko biyu, gwargwadon irin aikin da ya yi. Ku tambaye shi ƙarara, "Yaushe zai fara sujada?" Kafin nan ya zauna a kujera ya yi nuni da kai. Da Baba ya ƙi ji daga bakina, limamin unguwarmu na roƙa ya zo dubiya, magana ɗaya ya yi masa ya karɓa.

Idan aikin ya faɗo kusa da azumi, a yi maganar tun kafin a sa rana. Malamai sun yi saɓani kan maganin ido da ɗanɗanonsa ya kai maƙogwaro, mara lafiya kuma an ba shi damar ramawa. A zauna da malami da likita a samo mafita, amma kada a tsallake ɗigon rana.

Yadda ganin ke dawowa

Abu na farko da zai ba shi mamaki launi ne. Yana tana rina duniya da rawaya-rawaya sannu a hankali, shekara da shekaru, har mutum ya manta asalin fari. Kwana uku da aiki Baba ya ɗaga farar rigarsa ya ce wa ya zuba mata bula. Idan ya rufe sabon idon ya duba da tsohon, sai ya ga bango kamar an shafa masa ruwan shayi. Wannan shuɗi-shuɗin yakan lafa cikin 'yan makonni, idan ƙwaƙwalwa ta saba.

Na biyu haske. Ranar Legas, da ƙyallin ruwa in ana haye gada, da fitilun mota da dare, duk za su riƙa kashe masa ido. Baƙin gilashi da hula mai baki suna taimakawa, gilashin kuma yana tare ƙura da hayaƙi. Wasu kan ga kewaye kamar zobe a jikin fitila, ko wani ɗan baƙin lauje a can gefen ido ta wajen kunne, ko ƙyalƙyali idan haske ya bugo daga gefe. Daga bakin madubin roba suke, kuma yawanci suna raguwa da kansu. Jan tabo kamar jini ya kwanta a farin ido yana ba iyali tsoro, alhali yakan washe cikin mako biyu zuwa uku. Jin yashi da hawaye da ganin da ke kyau da safe ya ɗan dushe da yamma, sau da yawa bushewar ido ce, akwai ɗigon da likita ke bayarwa dominta.

Na uku shi ne wanda ba a cika gaya wa mutane ba, har su ɗauka aikin bai yi ba. Madubin roba da aka fi sakawa nesa aka saita shi. Mutum zai hango lambar mota daga tsallaken titi, amma ya buɗe Alƙur'ani ko ya ɗauki waya ya ga rubutu ya cakuɗe. Abin ya fi ɗaure kan waɗanda yanar ta sa suka ajiye gilashin karatu a 'yan shekarun baya, suna murna idonsu ya dawo; wani nau'in yana ne ke yin haka kafin ya rufe ganin. Gilashin karatu ke gyara wannan. Sai dai kada a yi gaggawar yanka mai tsada, don ma'aunin idon yana ta sauyawa har rauni ya warke. A makonni huɗu zuwa shida ake auna na dindindin. Karatu da kallon talabijin ba sa ɓata aikin, in ya gaji ya huta.

Akwai kuma wanda za a cire wa yana tsaf amma ganin bai kai yadda aka so ba, saboda wata cutar na ɓoye a bayanta. Hawan jinin ido yana cin jijiyar gani, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Ciwon sukari yana lalata tantanin bayan ido. Mai ɗayan waɗannan ya ci gaba da maganinsa da ganin likita, ya kuma riƙe sukarinsa da kyau a makonnin jinya, don rauni ya fi saurin warkewa. Idan gani ya yi kyau sannan ya dushe a tsakiya bayan wata guda ko fiye, yana iya zama kumburi a tantanin bayan ido, kuma ana maganinsa idan an je.

Abin da ba a kwana da shi

Ƙa'idar da na riƙe ita ce, idon da aka yi wa aiki kullum gaba yake yi, ko da kaɗan-kaɗan. Duk ranar da ya ja baya, asibiti. Zogi mai ƙaruwa da farasitamol bai kwantar ba, gani da ya ragu bayan ya fara kyau, ja da ke daɗuwa, fatar ido ta kumbura, ruwa mai kauri kamar mugunya: waɗannan alamun ƙwayar cuta ce ta shiga cikin ido. Ba kasafai take faruwa ba, ta fi zuwa a mako na farko ko na biyu, amma tana iya cinye ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Ciwon kai mai tsanani ta gefen idon da tashin zuciya ko amai, nauyin cikin ido ne ya hau. Walƙiya a gefen ido, baƙaƙen ɗigo masu yawo da suka ƙaru farat ɗaya kamar an watsa ƙudaje, ko wani duhu kamar labule yana jawowa daga gefe, alamar tantanin bayan ido na ɓallewa ne, kuma wannan ko bayan watanni yana iya zuwa. Haka idan an bugi idon, ko bai yi zafi ba.

Gwaggona a kwana na huɗu ta fara ciwon kai da amai bayan isha'i, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka ce a bari gari ya waye. Ba mu bari ba. Nauyin idon ne ya hau, aka ba ta magani ya sauka, yau da idon take zare tsakuwa a shinkafa. Na san abin da fita da dare ke nufi a garin nan, na san kuɗin mota. Ku tanadi kuɗin wannan tafiyar tun ranar aiki, ku ajiye lambar direban da zai ɗauka in an kira.

Komawa nema

Tafiya a ƙafa da zama a shago mai tsabta ba laifi bayan 'yan kwanaki. Abin da ake gudu ɗaukar nauyi, da sunkuyo mai tsawo, da yunƙuri, da ƙura da hayaƙi. Mai dako a kasuwar Mile 12, da mai tura kurar ruwa, da mahauci a mayankar Oko-Oba, da mai tsire da ke tsaye kan hayaƙi, da uwar gida mai girki da itace ko gawayi, duk su faɗa wa likita ainihin sana'arsu, shi zai yanka musu hutu, kuma yakan kai makonni. Na san hannu baka hannu ƙwarya ake yi, shi ya sa ya kamata 'yan'uwa da abokan sana'a su san da maganar tun kafin aiki, a yi karo-karo. A ci ganye da 'ya'yan itace a sha ruwa don kada bayan gida ya yi tauri. Tari mai tsanani a nemi maganinsa. Babu wani abincin da aka hana saboda aikin. Direba kada ya koma kan sitiyari sai an auna shi an ce ya isa.

Ranakun komawa asibiti galibi uku ne: washegari, bayan mako guda, sannan wajen mako na huɗu zuwa na shida. Wanda ke shirin tafiya gida Arewa ya huta, ya bari a yi masa duban mako guda tukuna, ya karɓi takardar bayanin aikin da sunayen magungunansa. Doguwar tafiyar mota cikin ƙura, musamman da hunturu, tana son gilashi da murfin roba a jaka. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitocin ido a Kano, a nuna musu takardar su ci gaba daga inda aka tsaya. A can ƙauye kuma za a iya samun mai cewa ya kawo ɗaya idon a kwantar masa da yanar ta hanyar gargajiya, wato a soka tsinke a tura ta ciki. Wannan hanya ta makantar da mutane da yawa, kada a yarda.

Idan ɗaya idon ma yana da yana, tsakanin aiki na farko da na biyu idanun ba za su daidaita ba, tsohon gilashinsa ma zai iya sa shi jiri. Ya yi hattara da matakala, a kuma tambayi likita ranar na biyun. Yawanci sai na farkon ya kwanta ake sa ta.

Bayan watanni ko shekaru, wasu za su ga hazo ya fara dawowa, fitila ta fara kashe ido kamar da, su ce yanar ta sake tsirowa. Madubin da aka cire ba ya dawowa. 'Yar jakar nan da aka bari ta riƙe na roba ce ta yi duhu. Da hasken leza ake huda mata ƙofa a tsakiya, a zaune a kujera, cikin 'yan mintuna, ba yanka ba allura. An yi wa Baba a idon dama shekara biyu bayan aikinsa, muka dawo Agege kafin la'asar, washegari ya ɗauki gilashin karatunsa ya ci gaba da izunsa.